Har Yaushe Za Mu Ce "Fada Zai Yi"?

'Yan'uwana cikin Almasihu, akwai wata magana da ta zame mana ciwo a nan Dogon Dutsi da ƙauyukan da ke kewaye, ita ce "Fada zai yi." Kwanon majami'a ya fara yoyo, Fada zai yi. Gwauruwa ba ta da hatsi, Fada zai yi. Yara ba su iya addu'ar Ubanmu ba, Fada zai yi. Ni dai na gaji da jin ta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu tuna inda muka fito. A 1931 aka kafa mishan ta Katolika ta farko a Yamai, ta Dogon Dutsi kuwa a 1947. Fadodin farko sun tarar da ƙasar Arewa ta Mawri, ƙasar bori da Sarauniyar Lugu, ga Musulunci yana ta bazuwa. Sun koyi harshenmu, sun buɗe makaranta, ni ma a bencin mishan na koyi baƙi. Ba na raina wahalarsu, Allah ya sāka musu. Amma in an zauna ba da tarihi, sai a yi ta jera sunayen Fadodi kamar su kaɗai suka yi aikin. Wa ya yi musu tafinta? Wa ya taka da ƙafa zuwa ƙauye ran Lahadi, ya tara mutum biyar a gindin gawo? Wa ya sha gori a gidan ubansa ranar da ya karɓi baftisma? Iyayenmu ne, da matan da suka yi ta jido ruwan kwaɓa ƙasa a ka. Su ba su jira kowa ba.

Wani zai ce, ai mu talakawa ne. Gaskiya ne, kuma a yunwar 1973 da ta 1984 hatsin taimako ya ceci rayuka da yawa. Sai dai tun daga nan hannunmu ya saba da miƙewa. Na san wani ƙauye da damina uku ruwa yana zuba a kan teburin Misa, ana jiran amsar wasiƙa daga Turai. A cikin shekarun nan ba a fasa biki ko suna ba, an yanka raguna, an ɗinka anko. Ashe ba rashi ba ne, mun ɗauka ɗakin na wani ne. Kowa ya ba da tiya ɗaya ta gero a kaka, da tuni an rufe shi.

Wannan tunani yana da haɗari. Duk lokacin da muka ce mishan gidan Fada ne, muna gaskata masu cewa addininmu na baƙi ne. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. A 2018 aka sace Fada Maccalli a Bomoanga, sai 2020 ya sami kansa. In wata rana hanya ta hana Fada zuwa, sai mu kulle ƙofa ke nan? Tun 1969 a Kampala Paparoma Bulus na Shida ya gaya wa 'yan Afirka su zama masu kai wa kansu bishara. Fiye da shekara 50 ke nan, har yanzu muna jira.

Ga abin da nake roƙo. Kowace ƙaramar ikkilisiya ta yi rumbunta, zumuntar mata ta riƙe lissafi. Matasa su je wurin tsofaffin da suka rage, su rubuta labarinsu da Hausa tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Uba ya koya wa ɗansa addu'a a gida, kada ya jira katikis. Fada bawan Allah ne da aka aiko mana, gobe za a canza masa wuri. Mu ne za a binne a nan.

Allah ya ba mu kunnen ji. Amin.