Raddi Ga Masu Cewa Taron Rabat Ya Rufe Maganar Wakilcin Falasɗinawa

Akwai masu cewa tun da shugabannin Larabawa suka zauna a Rabat a 1974 suka ayyana ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, PLO, a matsayin halattacciyar wakiliyar Falasɗinawa tilo, to magana ta ƙare, duk mai kiran zaɓe yanzu raba kan jama'a yake yi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Hujjarsu ta farko Rabat ɗin ce. To ai shugabannin ba su suka ba PLO farin jini ba, tarar da shi suka yi. Da yawun ƙasashen Larabawa aka kafa ƙungiyar a 1964 ƙarƙashin Ahmad Shuƙairi, amma wannan ɗaurin gindi bai hana shi sauka a ƙarshen 1967 ba. Abin da ya ɗaukaka ƙungiyar Fatah shi ne gumurzun Karama da sojojin Isra'ila a 1968, wanda bayansa samarin sansanonin gudun hijira suka yi ta tururuwar shiga, har jagoranta Yasir Arafat ya karɓi ragamar PLO a 1969. Jama'a suka fara sallamawa, Rabat ta biyo baya da hatimi.

Ta biyu, sun ce ba a zaɓe ƙarƙashin mamaya. An yi. An yi a 1996, an maimaita a 2005 da 2006, har wasu mazauna Gabashin Ƙudus suka kaɗa ƙuri'a a gidajen waya. Gaskiya ne Isra'ila na tare hanya a Ƙudus, kuma da wannan Mahmud Abbas ya kafa hujja ya ɗage zaɓen 2021. Sai dai wa'adin shugabanci na shekara huɗu aka ba shi a 2005, majalisar dokoki kuwa an rushe ta a 2018. Barin mai mamaya ya yanke ranar da za ka tambayi mutanenka ra'ayinsu, miƙa masa wuya ne.

Ta uku tsoron Hamas, wadda ta ci kujeru 74 cikin 132 a 2006, Fatah ta sami 45. Tsoron faɗuwa ba hujja ba ce. Kuma nasarar Hamas ɗin ita ma wa'adinta ya daɗe da cika: jaririn da aka raɗa wa suna a Gaza a shekarar ya mallaki hankalin kansa bai taɓa zaɓen ko ɗayansu ba.

Sai abin da suka tsallake, wanda ya fi ci mini rai. Miliyoyin 'yan gudun hijira, irin na Ain al-Hilwa a Labanon da Baƙa'a a Jodan, ba su da ƙuri'a a zaɓen Hukumar Falasɗinawa. Majalisar Ƙasa ta PLO ce ya kamata ta ɗauki muryarsu, amma yawancin kujerunta rabawa ake yi tsakanin ƙungiyoyi. Da ta zauna a Ramalla a 2018, babu Hamas, ita kuma PFLP, wadda 'yar gida ce a PLO, ta ƙaurace wa zaman.