Dogon Turanci ba ya shayar da magani

Jama'a, yau da ɗan zafi na zo, sai ku yi mini haƙuri.

Kwanan baya ɗan yayata da ke karatun sakandare ya zo hutu gida Dioundiou. Bayan isha'i muna zaune bisa tabarma muna shan rake, sai ya zaro waya ya ce, "Kawu, ka san ma'anar floccinaucinihilipilification?" Haruffa 29 cif, kuma ya rattabo su bai yi tuntuɓe ba. Wai a wani bidiyo ya koya, irin waɗanda ke yawo a TikTok ana cewa kalmomin da sai gwanaye suka sani. Na ce me take nufi? Ya ce ɗaukar abu ba a bakin komai ba. Na ce to lalle ta dace da kanta.

Washegari aka kawo wa Inna maganin tari daga Kamba. Kowa ya san yawancin magungunan da ke shigo mana ta Najeriya da Turancin Ingilishi ake rubuta bayaninsu. Aka miƙa wa malam mai haruffa 29 kwalba ya karanta. An rubuta "teaspoonful", shi kuwa ya aika a ɗauko babban cokali. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali, wato "tablespoon", mililita 15. Ninki uku ke nan ga tsohuwa mai jin jiki. Allah ya sa ina kusa. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Ban ga laifin yaron ba. Laifin na masu koya masa cewa iya Turanci shi ne furta abin da ba wanda zai gane. Ba banza ba Bahaushe ya kira surutu marar kan gado dogon Turanci. A Najeriya an yi ɗan majalisa daga jihar Edo, Patrick Obahiagbon, wanda ya yi suna a wannan fage. Ana kallonsa a sha dariya, amma wa ya taɓa tuna abin da ya faɗa?

Maganar ta wuce wasa. A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan yaranmu za su ƙara cin karo da Ingilishi, ba a jarrabawa kaɗai ba, har a ofis. Mu da ke yankin Gaya, ga Kamba ga Malanville, mun fi kowa sanin amfanin harshe.

Ga wanda ya fara da Faransanci, ramin ba a manyan kalmomi yake ba. Yana cikin waɗanda suka yi kama da abin da ya sani. "Library" ɗakin karatu ne, "librairie" kantin sayar da littattafai. "Actually" na nufin a gaskiya, "actuellement" kuwa a halin yanzu. Mafi haɗari, wanda ya rubuta maka "eventually" zai biya, cewa ya yi daga ƙarshe zai biya. Mai "éventuellement" kuwa wataƙila ya ce maka. Tsakanin biyun nan ana iya asarar kuɗin buhu goma. Wane bidiyo ne ke koyar da wannan?

Batun furuci ma haka ne. Rubutun Ingilishi maƙaryaci ne. Ana rubuta "colonel" amma ba a furta lam ɗin tsakiya, ana rubuta "receipt" amma harafin p shiru yake. Ku duba fa: kakanninmu da ba su shiga aji ba suka ce kanar, suka ce rasit. Kunne suka kasa, suka kama daidai. Ɗan boko mai bin haruffa ɗaya bayan ɗaya shi ke ɓata. Amma yau shi ne mai yi wa ɗan kasuwa dariya don p ɗinsa ta karkata wajen f, alhali ɗan kasuwar ya gama ciniki ya ƙirga kuɗinsa.

Na san wani zai ce ilimi ba ya yawa, sanin baƙuwar kalma ba zunubi ba ne. Na yarda. Ni ma ina da ƙamus, ina jin daɗin buɗe shi. Amma sai an sa riga ake neman hula. Yaron da bai iya karanta takardar magani ko rasit ɗin kwastan ba, me ya haɗa shi da kalmar da Baturen Ingila kansa zai mutu bai furta ba?

Malaman Ingilishi, don Allah ku shigo aji da kwalbar magani, da buhun taki, da takardar ciniki, ku sa yara su karanta su fassara da Hausa ko Zabarmanci. Ku kuma samari, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ɗan yayata dai kafin ya koma makaranta shi ke auna wa Inna magani safe da yamma, da ƙaramin cokali. Allah ya ƙara mata lafiya, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani.