Kashin Ƙarfe Na Jibge, Mu Kuma Muna Kwashe Rafuka

Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, ta Kurfi, ya saba da tifofin yashi. Daga rafuka suke fitowa, kullum ana ɗiba, gaɓa tana zaftarewa, gonar da ke bakin ruwa tana raguwa duk damina. Tsakuwa kuma sai an fasa dutse. Buhun siminti ya haye naira 10,000 a farkon 2024, mai buga bulo ya ƙara yashi ya rage siminti, katanga ta zama abin da ake ginawa da rani a kwashe da damina. Duk da haka, injiniyoyinmu da ma'aikatar ayyuka da shugabannin ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma ba a jin bakinsu a kan kashin ƙarfe. Wannan lalaci ne, ba shi da wani suna.

Ba baƙon abu ba ne a jihar nan. Tun 1982 aka buɗe masana'antar ƙarfe ta Katsina, tare da ta Jos da ta Osogbo, ana kawo musu ƙarfe daga Aladja suna murza shi ya zama rodi. A zamanin Obasanjo aka sayar da ita ga kamfanin Dana. Tsohon ƙarfen da 'yan jari-bola ke tarawa gida-gida a Kurfi da Dutsin-Ma, wanda ake lodawa a tirela, tukunyar narkewa yake nufa, kuma duk inda aka narka ƙarfe sai datti ya taso a sama, a tsiyaye shi, ya daskare ya zama baƙin dutse mai nauyi, wato kashin ƙarfe. Kakanninmu maƙera masu narka tama sun san shi. Mu da muka yi karatu ne muka manta.

Jamusawa tun kafin 1900 suke niƙa kashin babban tanderun tama suna haɗa siminti da shi. Japan kusan ba ta zubar da komai daga nata. To amma a yi hattara, irin wancan ba mu da shi, domin tanderun Ajaokuta da aka fara aikinsa da Rashawa a 1979 har yau ba a hura shi ba. Abin da ke hannunmu shi ne na narka tsohon ƙarfe. Shi ba ya maye gurbin siminti kai tsaye, tsakuwa yake maye wa. Yana da tauri, yana da kaushi, yana riƙe kwalta sosai, taya ba ta santsi a kansa.

Sai dai yana da hali. Wani yakan fito da ɗanyen farar ƙasa da magnesiya a cikinsa, waɗanda in sun sha ruwa suke kumbura. Shi ya sa ake baje shi a fili, ana jiƙa shi, ya yi watanni, a fitar da guntayen ƙarfe da maganaɗisu, a tankaɗe, a auna kumburinsa, sannan a yarda ya shiga kankare. Ɗan kwangilar da zai ji maganata ya ruga ya sayo ɗanye don araha, ya zuba a ƙarƙashin daɓen aji ko asibiti, shi ma da shi nake. Bayan damina biyu daɓen zai tsage, shi kuwa ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Mai watsar da shi da mai zuba shi ɗanye, ciwonsu ɗaya: ƙyuyar gwaji.

Gwajin nan fa ba tsafi ba ne. Ana zuba kankare a ƙananan akwatuna, a jira kwana 28, a matse da inji a ga nauyin da zai ɗauka. Akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Me ya hana a ɗauko tifa ɗaya, a gwada, a gaya wa magina sakamakon da Hausa? Bincike in ya ƙare a kundin da ɗalibi ya ɗaure aka jefa a kabad, mai buga bulo a tashar Kurfi bai amfana da komai ba.

Kilomita ɗaya kawai na hanyar karkara, ko da ta wajen madatsar Zobe ce inda manoman rani ke fama da laka, ta isa a shimfiɗa da kashin ƙarfe a zuba ido shekara biyu.