Yaro Mai Karkataccen Baya: Kada Mu Jira Ya Girma

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu idan aka ga bayan jariri ya karkace, ko kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, akan ce a bar shi, in ya girma zai miƙe. Wasu su kai shi wurin mai ɗori, wasu wurin wanzami. Mu dai ra'ayinmu shi ne a kai shi asibiti tun yana goye.

Ga dalili. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, kuma tun a makonni 6 na farkon ciki suke fara samuwa. Wani lokaci ɗaya yakan fito rabi, gefe da kauri gefe siriri, ko biyu su manne ta gefe guda. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa sammu ba. Tun da ba karaya ba ce, ɗori ba ya gyara shi. Sau da yawa yaro na girma karkatar na ƙaruwa, har ta matse huhu.

Likita zai ɗauki hoton bayan, ya duba zuciya da ƙoda, domin matsalarsu takan zo tare. Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. Wasu akan riƙa auna su ne kawai. In ana bukatar aiki, akan cire rabin ƙashin a haɗa na sama da na ƙasa, kuma ya fi kyau kafin shekara 5 ko 6. Wasu akan sa musu ƙarfen da ake ƙara wa tsawo kamar kowane wata 6. Aiki ne mai hatsari, kusa da laka, amma jinkiri ƙara hatsarin yake yi. Jaririn da aka haifa da buɗaɗɗen ciwo a baya kuwa, cikin kwana 2 ko 3 ya kamata a rufe shi.

A fara da asibiti mafi kusa, a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Mun sani kuɗi ke hana yawancin iyaye tafiya. To, ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki za ta iya haɗa kuɗin mota. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta ware mudu ɗaya daga kowane buhu a kaka, a ajiye domin irin waɗannan yara. Ku kawo maganar a taronku na gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.