Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gidajen haya na Dutsin-Ma

Iyayenmu masu gidaje,

Tun da aka kafa jami'ar tarayya a garin nan a 2011, ɗakin haya ya yi daraja. Ɗalibai kan haɗa kuɗi su kama ɗaki guda, to ina mai faci ko ɗan garuwa mai iyali zai iya gogayya da su? In ya je wurin dillali, sai a ce kuɗin shekara a dunƙule, ga la'ada, alhali rufin yana zuba da damina, masai ɗaya ga ɗakuna goma.

Ba mu ce ku yi asara ba, mun san siminti ya yi tsada. Ku dai riƙa karɓa wata-wata, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa, in za a yi ƙari kuma a sanar da wuri.

Naku,
Wani ɗan haya