ROS, TOS da "Wuta Ta Dawo": Yadda Kalma ke Ɓatar da Mai Gyaran Radiyo

Duk wanda ya taɓa ɗaura eriya a kan dogon ƙarfe domin aika magana, ko a gidan radiyon karkara, ko a motar asibiti, ya san wani ɗan akwati mai allura da ake saƙalawa tsakanin na'ura da wayar da ta hau sama. Lambar da allurar ke nunawa ita ake kira ROS da Faransanci, SWR da Ingilishi. Haruffa uku ne kacal, amma da wuya a sami kalmar fasaha da ta tara camfi kamarsu, kuma mafi yawan camfin daga harshe ya fito. Wannan ne ya sa batun ya cancanci shiga mujallar masu nazarin harshe.

A ɗaure igiyar guga a jikin turke, a kaɗa ɗaya bakin. Motsin zai tafi har turken ya dawo, mai tafiya ya haɗu da mai dawowa, sai a ga wasu wurare na igiyar suna lilo sosai, wasu kuma kamar an dafe su. Haka lantarki ke yi cikin wayar eriya idan ita da eriyar ba su jitu ba. Galibin na'urori da wayoyinsu an ƙera su a kan om 50. In eriya ta saɓa wa wannan, wani kaso na ƙarfin da aka tura yakan juyo baya. ROS gwada wurin da ya fi lilo ne da wurin da ya fi lafawa. Idan ya nuna 1, babu abin da ya dawo. A 1.5, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne ya juyo; a 2, kimanin kashi 11; a 3, kashi 25.

Babban kuskuren da ya game duniyar masu radiyo shi ne ɗaukar 1 a matsayin shaidar cewa eriya na kai magana nesa. Akwai wani kayan gwaji, dunƙulen abu mai om 50 da ake ɗaurawa a madadin eriya. Yana ba da 1 cif, amma duk ƙarfin da ya shiga cikinsa zafi yake zama, maganar ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Akwai ma abin da ya fi wannan ruɗarwa. Wayar da rana ta gasa shekara da shekaru, ruwan damina ya shiga ta bakinta, takan sha ƙarfin da ke tafiya, ta kuma sha wanda ke dawowa. Da yake kaɗan ne ya dawo, sai allura ta kwanta, mai gyara ya yi murna. Shi kuwa manomin Droum, can kudu da Zinder, da ya kunna akwatinsa domin jin sanarwar rigakafi ko farashin gero, shuu kawai zai ji. Allurar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ce ba tata ba.

Wannan ba ya nufin lamba mai yawa ba ta da illa. Tana iya ƙona tiransistocin ƙarshe na na'ura, shi ya sa na'urorin zamani ke rage ƙarfinsu da kansu idan ta hau. Amma bambancin da ke tsakanin 1.5 da 1 kunne ba ya kama shi, ga shi kuwa a kansa ake yini ana datse waya mai tsada, alhali datse waya ba ya gyara saɓanin da ke can sama a gindin eriya. Wani injiniya Ba'amurke, Walter Maxwell, ya fara jerin maƙalu a mujallar QST a 1973 domin warware irin waɗannan camfe-camfe. Yau fiye da shekara 50 ke nan, ba su mutu ba.

Dalilin daɗewarsu yana cikin nahawu. ROS gwadi ne tsakanin abu biyu, kamar a ce tsawon wane ya ninka na wane. Amma da zarar an dunƙule dogon bayani ya koma haruffa uku, sai ya zama suna, suna kuwa yakan sa mai magana ya zaci akwai wani abu mai jiki a bayansa. Masu radiyon CB na Amurka har jam'i suke yi masa, su ce suna so su rage SWR-SWR ɗinsu, kamar masu tsince tsakuwa daga shinkafa. Takwarorinsu na Faransa sun ƙara nasu rikicin: suna cewa TOS a inda ake nufin ROS, har akwatin awon ma sunansa tosmètre, alhali a asali TOS kaso ne cikin ɗari. Eriyar da ROS ɗinta 2 ne, TOS ɗinta kashi 33 ne, ƙarfin da ya dawo kuma kashi 11. Lamba uku, abu ɗaya. Nijar ta gaji wannan ruɗani tare da littattafan koyarwa na Faransanci.

Hausa kuma ta zo da nata kason. Lantarki wuta ne a bakin Bahaushe: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja shi. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta bayyana ROS ita ce a ce wuta ta dawo. Jimlar tana da daɗin faɗi, kuma rabinta gaskiya ne. Sai dai wutar da ta dawo, a tunanin duk mai jin Hausa, gobara ce, abin da ake kashewa ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya koyi sana'a da wannan hoto a ransa zai bi allura har ta kwanta, ba zai tambayi ko maganar ta isa ƙauye ba.

Kada a ɗauka karin maganar masu sana'a ne abin zargi. Sau da yawa ya fi na masana dacewa. Oba-oba, sunan da Hausa ta ba radiyon hannu, daga kalmar da mai magana ke faɗi ne in ya gama domin ɗan'uwansa ya karɓa. Sunan ya kama ainihin yadda na'urar ke aiki, wato ɗaya na magana ɗaya na saurare. Gajeren zango da matsakaicin zango sun fi haka armashi, musamman ga mutumin Damagaram, inda unguwar Zango ta samo sunanta daga masaukin ayarin fatake. Wanda ya fara auna tsawon igiyar radiyo da tafiyar raƙumi tsakanin masauki biyu ya san harshensa, ya kuma fahimci abin da yake fassarawa. Matsalar ROS ita ce ba ta yi dacen irin wannan mutum ba.

Masu radiyon sha'awa, waɗanda alamar kiransu a Nijar ke farawa da 5U, ba su da yawa. Magadan kalmar na gaskiya su ne masu gyara da matasan da ke kula da gidajen radiyon karkara, waɗanda suka yaɗu tun bayan na Bankilare a 1999, a ƙasar da ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron radiyo ta kafu tun 1962. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ko ba daɗe ko ba jima za a buƙaci littafin koyar da irin waɗannan matasa da Hausa. Abin tsoro shi ne a zauna a ofis a fassara kalma da kalma, a fito da wani abu kamar "rabon tsayayyun igiyoyi", wanda babu mai gyaran da zai furta shi sau biyu.

"Awon jituwa" ya fi. Jituwa ba ta yiwuwa sai tsakanin abu biyu, don haka kalmar da kanta tana tilasta tambayar da ta dace: tsakanin me da me? Ba a cewa akwai jituwa cikin waya, ba a kuma datse ta da almakashi. Kowane Bahaushe ya kuma san mutum biyu na iya jituwa a kan aikin banza, wanda shi ne labarin dunƙulen gwajin nan mai ba da 1. Za a ce ai a jikin akwatin SWR aka rubuta, kuma haka zai ci gaba da zuwa daga masana'anta. Gaskiya ne, haruffan su zauna a matsayin tambari, kamar yadda FM ta zauna. Bayanin da malami zai yi wa almajiri ne ke bukatar kalmar gida.

Kafin a tsayar da ita, sai an ji ta bakin masu abin. Ɗalibin da ke neman batun bincike zai iya ɗaukar rakoda ya zauna a rumfunan masu gyara na Kasuwar Dole, ya rubuta aikatan da ke raka ROS cikin jimla: hawa yake yi ko shiga, ci yake yi ko ƙonawa, namiji ne ko mace. Daga nan ya gwada musu "awon jituwa" ya ga ko za su maimaita ta ba tare da an roƙe su ba.