MAI KUMBURIN HANJI: A CIYAR DA SHI, A DAINA WANKE MASA CIKI



Akwai ciwon da muke yi wa kuɗin goro da basir ko atini. Mutum ya yi wata da watanni yana zawo, wani lokaci da jini da majina, ciki na murɗawa, kullum sai ƙara ramewa yake. Likitoci na kiran irin wannan kumburin hanji mai daɗewa, kuma iri biyu ne. Ɗaya gyambo yake yi a babban hanji kaɗai. Ɗayan kuma, wanda ya samo suna daga likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana shi a 1932, yana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Ba a ɗaukarsa daga wani, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa hanjinsa.

A ganina, abin da ya fi kwantar da mai wannan ciwo a gidajenmu yunwa ce. Hanjin da ya kumbura ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, ga jini na zuba kaɗan-kaɗan. Sai kuma mu zo da namu: kar ya ci ƙwai, kar ya ci nama, kar ya taɓa mai. Daga nan a jiƙa masa filasko wai a wanke dattin ciki. Haba jama'a! Filasko na mai taurin bayan gida ne. Mai zawo da jini kuwa ƙara masa rauni yake. Ga shi kuma rashin tsaro ya hana da yawa zuwa gonakin nesa, rumbu ba kamar da ba.

Mu duba sunna. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dama wa mara lafiya talbina, wato kunun garin sha'ir mai laushi. Darasin a fili yake, majinyaci lallaɓa shi ake yi da abin da cikinsa zai karɓa. A wurinmu ga kunun gero da aka tace sosai, a sa garin gyaɗa da na waken suya da aka gasa, da cokalin zuma. A haɗa da dafaffen ƙwai, kifi, hanta, ayaba, da kindirmo in bai tayar masa da ciki ba. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Wanda ya rame ƙwarai a fara masa a hankali, a gaban ma'aikacin lafiya, don ɗura masa abinci lokaci guda na da haɗari. In ciwon ya tashi, a ɗaga masa yaji, dusa da ɗanyen ganye har ya lafa.

Sai dai abinci kaɗai ba ya cike kowane giɓi, nan ne maganin ƙarin gina jiki ke da amfani:

• Maganin ƙarin jini, saboda jinin da ke zuba. In ƙwayar na tayar da ciki, akwai wanda ake sawa ta jijiya a asibiti.
• Bitamin B12. A ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsarsa, in wurin ya kamu sai an yi allura.
• Zinki da ruwan gishiri da sukari lokacin zawo.
• Kalsiyam da bitamin D ga wanda ya daɗe yana shan Prednisolone, don yana raunana ƙashi.

Waɗannan ba sa warkar da kumburin, gina jiki suke yi ya iya ɗaukar magani. Kuma gwajin jini ne zai nuna wanda mutum ke buƙata, ba mai talla a kasuwa ba. A guji Ibuprofen da Diclofenac, suna iya tayar da ciwon.

Maigida, ga wata amana. Abincin tamowa na leda da ake rabawa kyauta a cibiyoyin lafiya, irin wanda likitocin MSF ke bayarwa a Katsina, magani ne na yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Sayensa a kasuwa don babba ya sha cin haƙƙin yaron da aka ba ne.

Zawon da ya wuce mako huɗu, ko mai jini da ramewa, a kai shi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Batsari a gwada bayan gida da jini. In ta kama, a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Dalili kuwa, tarin fuka na hanji na kama da wannan ciwo sosai, kuma maganin ɗaya na iya tsananta ɗayan. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. A tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na fama a ɓoye saboda kunya.